Makullin Tukunyar Garwa

Ni ne Adamu, ɗa na huɗu a ɗakin Hajiya Hindu ta unguwar Hausawa a Garwa, kuma sunana ya gama tsufa a bakinta. Adamu miƙo buta, Adamu wa ya bar ƙofa a buɗe, Adamu kai dai ba ka da kai. Yau shekarata arba'in da ɗaya, ina da manyan motoci biyu da ke jigilar kaya daga Ngawundere zuwa arewa, amma har gobe in ta ƙwala min kira sai na zabura.

Yayanmu Shu'aibu kuwa, da yake shi ne ɗan fari, ya kai shekara hamsin da biyu bai taɓa jin sunansa daga bakinta ba. Haka muka tarar ana yi. Mace tana kunyar ɗanta na fari, ba ta ambatar sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Inna ta ɗauki abin da zafi fiye da kowa. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarmu a Tibati, ya tashi cikin masunta, sai da ya yi gemu ya dawo Garwa ya buɗe shagon sayar da koma da ƙugiya. In zancensa ya zama dole sai ta ce “wancan”, ko “yayanku”, ranar da take cikin nishaɗi kuma ta ce “mai shago”. Shi ma Hajiya yake ce mata, daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Babu wanda ya taɓa zaton gwamnati za ta ga abin amfani a cikin wannan.

Injin ya iso garinmu ne a bayan tirela, an lulluɓe shi da tamfol, aka shigar da shi wani tsohon siton auduga a bakin Binuwai. Girmansa bai wuce firjin mai sayar da ƙanƙara ba. Masana suka ce yana warware kowane abu har zuwa ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya gani, sannan ya sake jera su ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da duk abin da aka umarce shi. Ka zuba masa yashi da gawayi da ruwa, ya ba ka allura, ko tabarau, ko maganin da babu irinsa a duk ƙasar. Mai rai kaɗai ne ba ya iya yi. Mutanen gari suka ce ai wannan tukunya ce, sunan kuma ya bi shi.

Ni ban ce kada a tsare ta ba. Abin da zai dafa maka magani zai dafa wa wani guba, zai dafa wa na uku bindiga. Na san mutanen da nake zaune da su, na kuma san kaina. Saboda haka da aka kafa Hukumar Tsare Tukunya ban yi ƙorafi ba. Matsalar ita ce duk makullin da suka gwada sai ya yi yoyo. Da fari sun sa soja a ƙofa, kafin wata ya cika matarsa ta fara sayar da awarwaron zinariya a kasuwa da arhar tumatir. Suka koma lambar sirri, suka ba wani dattijo mai amana, shi kuma don gudun mantuwa ya rubuta ta da alli a jikin ƙofar siton. Suka yi makullai uku, ɗaya a Meiganga, ɗaya a Tibati, ɗaya a Ngawundere, da sharaɗin masu riƙe su kada su san juna. Ashe dukkansu ukun 'yan ɗakin kaka ɗaya ne, suka haɗu a wani suna, washegari gari ya cika da sukari.

Sai aka turo Mushe Gaston. Mutumin kudu ne, siriri, mai kwat ko a watan da zafin Garwa ke narkar da kwalta. Ya daɗe yana aiki a arewa, yana jin Fulatancin kasuwa da Hausa daidai gwargwado, kuma yana da wata muguwar ɗabi'a ta lura da mutane. Wata rana yana sayen ƙugiya a shagon yayanmu, Inna ta aiko ƙanwarmu da saƙo, ya ji an ce, “Hajiya ta ce a gaya wa mai shago.” Ya tambayi wace Hajiya. Aka ce mahaifiyarsa. Ya tambayi me ya sa ba ta ce Shu'aibu ba. Duk wanda ke shagon ya yi dariya. Mushe Gaston bai yi dariya ba, ya ciro ɗan littafi daga aljihu.

Bayan wata uku aka kira mu ofishinsa ya bayyana sabon tsari. Mutum biyu ne makulli. Ɗaya zai ɗora tafin hannunsa a kan wani faranti da ke jikin Tukunya, ɗayan kuma zai kira cikakken sunansa a gaban wani ɗan rami mai raga, da muryar da injin ya riga ya sani. Mai hannu shi ne yayanmu. Mai murya ita ce Inna. Cikakken sunan kuma shi ne Shu'aibu Isa, wato sunan ɗan fari haɗe da sunan marigayi mahaifinmu, mijin da ta zauna da shi shekara talatin da takwas tana ce masa “Malam”. Mushe Gaston ya faɗi wannan yana murza hannu. Ya ce kwado biyu ne a kan ƙofa ɗaya.

Inna ta tambaya ta bakina, “To mene ne aikin nawa?”

“Kada ki faɗa, Hajiya. Se tu. Shi ke nan.”

“Wannan ai na daɗe ina yi ba wanda ya ɗauke ni aiki,” in ji ta. Aka sa ta ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari a gaban injin don ya haddace muryarta, ta dangwala yatsa a takarda, muka dawo gida.

Shekara bakwai Tukunya ba ta buɗe ba. An yi ta zuwa daga babban birni ana kallon wannan nasara. An ƙara wa Mushe Gaston girma sau biyu, an ba Inna lambar yabo, ta rataye ta a wuyan akuyarta don ta riƙa jin inda take. Da yake an tabbata ƙofar ba za ta buɗe ba, sai Hukuma ta saki hannu wajen ba da izini. Kowa ya nema sai a ba shi, da hatimi ja da sa hannu uku, ba cin hanci, ba ka dawo gobe. Tela Mairamu tana da izinin allurar keke. Limamin unguwarmu yana da na tabarau. Mutane suka riƙa sa takardar a gilashi suna ratayewa a falo. Ban taɓa ganin ofishin gwamnati mai fara'a irin wannan ba.

A shekara ta takwas yayanmu ya faɗi a shago yana miƙa wa wani masunci zare.

A asibiti, likitarsa Dokta Hélène ta ajiye mu, ni da matarsa, ta zana mana zuciya a bayan takarda. Ta ce akwai wata 'yar ƙofa a ciki da ke buɗewa tana rufewa, tasa ta lalace, jini yana komawa baya. In an sa masa sabuwa zai tashi ya ci gaba da harkarsa. In ba a sa ba, watanni ne. Ita za ta iya aikin, amma irin ƙofar da ta dace da shi sai Turai, shi kuma jikinsa ba zai ɗauki tafiya ba, kafin a aiko da ita ma lokaci ya ƙure. Sai ta kalli taga, ta wajen kogi, ta ce da akwai abin da zai yi ta daidai awonsa cikin minti goma sha biyar, da yashi cikin tafin hannu da gawayi guda.

Na je wurin Mushe Gaston da gudu. Kafin in gama bayani ya buga hatimi. Har ya rako ni bakin ƙofa yana cewa Allah ya ba shi lafiya, kuma na rantse da gaske yake yi.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba. Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

“Wancan ɗin?”

“Shi, Inna.”

Sannan ta ce, “Je ka gaya wa likitar ta cire tawa ta sa masa. Ni na gama amfani da ita.”

“Ba a yin haka, Inna. Kalma biyu kawai za ki faɗa.”

“A sayar da gidan nan. A sayar da motocinka.”

“Ba kuɗi ne matsalar ba. Kalma biyu.”

“Adamu, tashi ka ba ni wuri.”

Raina ya ɓaci har na manta da wa nake magana. Na ce mata wace irin kunya ce wannan da za ta kai mutum kabari, na ce ita da Mushe Gaston duk ɗaya ne, su biyu sun haɗu za su kashe shi. Ta ci gaba da tsince shinkafar, sai na lura tana zubar da masu kyau tana mayar da tsakuwa cikin faifai. Na fita ina jin kunyar kaina.

Mun gwada dabaru, ba zan ɓoye ba. Na shafe kwana biyu ina koyon muryarta, na je na tsaya gaban ramin na matse maƙogwaro, injin ya ce da Faransanci ba a san wannan akuya ba. To, ba haka ya faɗa ba, amma haka jandarmomin da ke gadi suka fassara min, suna riƙe ciki. Mun kawo Goggo Aisatu, ƙanwar Inna, wadda ko mu kan rikita muryarsu, injin ya ƙi. Limam ya ba da fatawa cewa ceton rai ya fi kunya, ya zo da kansa ya karanta mata. Ta saurara da ladabi, ta ba shi goro, ta ce ta gode.

Ranar Alhamis da hantsi, ba wanda ya ce mata komai, sai ga ta ta fito da babban mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa. Ta ce, “Adamu, kawo mota. A ɗauko wancan.”

Siton yana da zafi kamar gidan burodi. Doka ta ce sai da shaidu, don haka ga Mushe Gaston da littafinsa, ga jandarma biyu, ga Dokta Hélène riƙe da yashi da gawayi a leda. Muka zaunar da yayanmu a kujera, ya ɗora hannu a kan faranti, ya juya fuska ga bango don ya sauƙaƙa mata. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, ta matsa bakin ramin. Muka ji numfashinta. Muka ji ta yi bisimilla. Sannan ta yi wani motsin baki da ko sauro ba zai ji ba.

Injin ya ce a ɗaga murya.

Ta sake. Wannan karon na ji, ko dai na ji rabinsa, don sunan ya fito a kakkarye, muryar tana rawa har mayafin yana rawa da ita. Na ga bayan wuyan yayanmu ya sandare. Fitilar injin ta yi ja, ya yi wata doguwar magana, ya yi shiru.

“Me ya ce?” na tambaya.

Mushe Gaston ya gyara tabarau. “Ya ce mai murya tana cikin tsoro. An gina shi ne don kada ɓarayi su sa wa mai makulli wuƙa a wuya. In ya ji murya tana rawa, sai ya ɗauka tilasta ta aka yi, ya kulle kansa kwana bakwai. Se normal, haka tsarin yake.”

“To yaya yake so a faɗa?”

“Kamar yadda ake kiran mutum kullum. Kamar yadda take kiran ka.”

Na so in ɗauki kujera in rotsa wa injin, Dokta Hélène ta riƙe min riga. Inna kuwa ta yaye mayafi, fuskarta sharkaf da gumi, ta dubi Tukunya sama da ƙasa irin duban da take yi wa mai kifin da ya faɗi tsada. Ta ce, “Kwana bakwai ko? A kai shi gidana.”

Aka shimfiɗa wa yayanmu katifa a rumfar tsakar gidan da bai taɓa kwana a cikinsa ba tun yana shan nono. Ranar farko Inna ta kore mu duka, amma na leƙa ta katanga, na gan ta ta cusa kai cikin randar da babu ruwa tana magana a ciki. Randar tana amsawa da gurnani. Rana ta biyu ta koma faɗa wa bangon kicin. Rana ta uku ta faɗa wa akuya, akuyar ta ɗago ta dube ta, ta ci gaba da cin dusa.

Rana ta huɗu da la'asar ina zaune kusa da shi ina yi masa fifita, sai muka ji daga cikin ɗaki, ta bayan labule:

“Shu'aibu.”

Yayanmu ya waiga hagu, ya waiga dama, ya dubi ƙofar zaure ko wani baƙo ne ya shigo. Wallahi bai gane ba. Kunnensa bai san wannan suna da wannan murya a haɗe ba. Sai da na zungure shi.

“Shu'aibu Isa. Da kai nake.”

Mutumin da ya yi kokawa da giwan ruwa a tafkin Mbakaou, mai jikoki uku, ya kifa fuska a matashi kafaɗunsa suna girgiza. Ni ma na yi kuka, kuma ba na jin nauyin faɗa. Can ya share fuska ya ce, “Na'am, Hajiya.”

“Za ka sha kunu?”

“Zan sha.”

Da ta koma kicin ya kama hannuna. Ya ce, “Ka san abin da ya sa na yarda da aikin nan tun farko? Na ce kila wata rana gwamnati ta matsa mata. Shekara bakwai ina addu'a a yi wata babbar masifa a ƙasar nan da za ta sa a buɗe Tukunya. Allah ya yafe min. Ashe a ƙirjina za a yi ta.” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Daga nan bakin Inna ya buɗe, kuma da ya buɗe bai san iyaka ba. Shu'aibu juya ka bar rana. Shu'aibu wannan hular ta wace shekara ce. Shu'aibu Isa, za ka sha maganin nan ko sai na taso? Tana faɗa tana auna muryarta, in ta ji ta ɗan karkace sai ta maimaita, kamar mai gwada sabon takalmi. Rana ta shida har ta zage shi, ta ce shi ma ba shi da kai, ya yi ta murmushi yini guda kamar wanda aka ba sarauta. Ni kuwa a kwana ukun nan ba a kira ni ko sau biyar ba, kuma ga mamakina abin ya ɗan sosa min rai.

Unguwa ta ɗauka. Katangunmu gajeru ne, muryar Inna kuma ba gajera ba ce. Mata suka riƙa shigowa aron abin da suke da shi a gida don su ji da kunnensu. Wata tsohuwar Bafulatana maƙwabciyarmu ta tsaya a ƙofa ta riƙe haɓa. “Dada Adamu, jam na? Lafiyarki kuwa? Semteende, kunyar nan tamu, ta ƙare a duniya ke nan?” Inna ta ce mata kunya tana nan, ta ajiye ta ne a ɗaki zuwa Alhamis.

Alhamis ta zo. Muka isa sito tun ƙarfe takwas, Inna a gaba, ba mayafin rufe fuska, tana tafe kamar mai zuwa karɓar gado. Dokta Hélène ta riga ta shirya ɗakin tiyata. A bakin ƙofa muka tarar da Mushe Gaston, da jandarma shida maimakon biyu. Ya gaishe da Inna har da ɗan rusunawa. Ya ce kafin a shiga akwai 'yar tambaya ta ka'ida.

“Hajiya, wane ne wannan da ke zaune a kujera?”

Na ga tarkon, amma na gan shi a makare. Inna ta ɗaga kai, ta dubi jandarmomin ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa da murya tsayayyiya wadda ko gashi ba ya rawa a cikinta:

“Shu'aibu Isa ne. Ɗana na fari.”

Mushe Gaston ya rubuta. Ya rufe littafi. Ya ce rahoto ya iso masa tun ranar Talata cewa makulli ya lalace, amma shi mutum ne mai adalci, ba ya aiki da jita-jita, ya so ya ji da kunnensa. Yanzu ya ji. Makullin da ke iya buɗewa ba makulli ba ne, doka kuma ta hana a bar Tukunya da lalataccen makulli ko na minti ɗaya. Don haka daga wannan lokaci an sauke su biyun, tare da godiyar Hukuma.

“To a bari ta faɗa sau ɗaya a ciki, sannan a sauke ta!” na ce. “Taku goma ne!”

“Mushe Adamu, in na bari ta shiga alhali na san za ta iya buɗewa, ni na buɗe ke nan.”

“Ai buɗewar muke so! Kai ka ba mu izini!”

“Izininku yana nan daram,” ya ce, yana dafa ƙirji. “Ba wanda ya taɓa shi. Ba ya ma ƙarewa.” Ya ƙara da cewa tun jiya aka koya wa injin sabbin mutane, wani dillalin shanu a Meiganga da surukarsa. Sharaɗin shi ne su tsaya fuska da fuska su ci tuwo a kwano ɗaya a gabansa.

Ban san lokacin da na cakumi kwat ɗinsa ba. Jandarma huɗu suka ɗaga ni sama, ina harbin iska ina zagin Hukuma da Tukunya da wanda ya ƙera ta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne idon Mushe Gaston ya ciko da ƙwalla. Ya ce yana jin zafin abin ƙwarai, ya san Shu'aibu mutumin kirki ne, ƙugiyoyinsa ba sa tsatsa.

Na je Meiganga, kada a ce ban je ba. Na kwana biyu a hanya, na sami dillalin a kasuwar shanu, na roƙe shi har ya yi hawaye ya ce zai yi. Muka ɗauko surukar a mota daga ƙauyensu. Yana hango gefen zanenta ya tsallake shinge ya faɗa cikin garke, ba a sake ganin sa ba sai bayan sallar layya. Ita ma da aka gaya mata abin da ake so ta yi, ta nemi a mayar da ita gida a ƙafa.

Da na dawo na tarar yayanmu bai koma gidansa ba. Ya ce rumfar Inna ta fi iska. Na zauna ina ba shi labarin Meiganga ina huci, ina lissafa masa ofisoshin da zan kai ƙara, shi kuwa hankalinsa yana kicin. Can ya ɗaga min hannu.

“Yi shiru. Za ta kira.”

“Shu'aibu! Ruwan wankanka zai huce!”

“Ka ji ko?” ya ce. “Na'am, Inna!”

Na zaci da Alhamis ta wuce za ta koma ɗaki ta ɗauko kunyarta. Ba ta ɗauko ba. Wata huɗu da kwana tara ya yi a rumfar nan, ƙafafunsa suna kumbura, numfashinsa yana gajarta, ita kuma tana kiran sa da dalili da babu dalili. Wani lokaci ta kira, ya amsa, ta ce ba komai, ta manta abin da za ta ce. Ya rasu ranar wata Litinin bayan azahar, farkon damina, kansa a kan cinyarta. Ni har yau ban yafe wa Hukuma ba, kuma ba ni da niyya.

Da aka dawo daga maƙabarta na shiga cikin gida in gaishe ta. Tsakar gida cike da mata. Suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna durƙusawa a gabanta, kuma don girmama ta kowace tana kauce wa sunan, yadda aka saba. Allah ya jiƙan mai shago. Allah ya jiƙan yayan su Adamu. Allah ya gafarta wa wancan bawan nasa. Inna tana amsawa da kai, idonta a bushe, har aka zo kan Goggo Aisatu, wadda ta ce, “Yaya, sai haƙuri. Allah ya jiƙan babban gida.”

Inna ta riƙe mata hannu ba ta saki ba.

“Shu'aibu sunansa,” ta ce. “Ku riƙa faɗa, ina so in ji.”